Jan Igiya Uku

A bayan Gyel, inda tsohon kududdufin kamfani ya yi kore,
muna da rijiyar kuza, zurfinta gaba goma sha bakwai.
Ni ne a baki. Aikina juya ƙarfe,
in saukar da mutum, in hauro da guga.
Yatsuna biyu ƙarfen ya ci bara waccan,
takwas ɗin da suka rage sun iya karatun igiya.
Ja ɗaya, guga ya cika.
Ja biyu, a sassauta.
Ja uku, ba mu cika son ambatonsa ba.

Chuwang ya sauka ran Laraba da hantsi,
tocila ɗaure a goshi da robar taya,
guntun gasasshiyar masara a aljihu.
Ya ce in rufe masa shayinsa kada ƙuda ya faɗa.
Abin da na gani na ƙarshe shi ne tsakar kansa,
inda sanƙo ya fara leƙowa.

A can ƙasa ba a tsayuwa.
Rarrafe ake kamar gafiya, ana bin baƙin zare
duk inda kuza ta bi ta kwanta.
Bisa kai ba turke, ba katako,
sai ƙasar da ruwan Agusta ya ƙosar,
da abin da kowa ya shiga da shi a baki,
wani Fatiha, wani sunan Yesu.

Guga tara na hauro.
Ana cikin na goma sai wani sauti, ba ƙara ba,
kamar an yar da buhun dawa a ɗakin maƙwabci.
Ramin ya huro mini numfashi mai sanyi a fuska.
Igiya ta motsa a tafina.
Ɗaya.
Biyu.
Na tsaya ina jiran na ukun.
Allah ya sani na tsaya.

Mun tona da shebur har ƙotarsa ta karye,
da kwanon tuwo, da farce.
Ɗantala mai injin ruwa ya kutsa, hayaƙi ya kwantar da shi,
muka jawo shi ta ƙafa, wani ya maye gurbinsa.
Matan wankin kuza suka bar kwanoninsu a bakin rafi,
suka jeru suna miƙa ƙasa hannu da hannu,
ba wadda ta yi kuka, ba lokaci.
Ana kiran magariba muka taɓa kafaɗarsa.
Da rai. Ƙasa ta riƙe shi daga ƙugu
kamar mai bin bashi.

Asibiti: kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin jini leda biyu.
Mai rijiya ya aiko da dubu ashirin da gaisuwa,
daga nan wayarsa ta daina shiga.
Likita ya ɗaga hoton ga fitila,
ya nuna mana inda ƙashin baya ya rabu da ɗan'uwansa.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida kan kujerar roba,
bargo a kan ƙafafun da ba sa jin sanyin Jos,
yana gyara tocilan masu sauka, naira ɗari ɗari.
Kachollom na tankaɗe ragowar yashi a bayan gida,
ko Allah zai sa a tara rabin gwangwani.

Wata shida ban iya tambaya ba. Jiya na tambaya:
me ya hana ka ja na uku?
Ya daɗe yana goge kan batir da gefen riga.
Ya ce, Ilu, na ja.
Sau bakwai na ja.
Ƙasa ce ta danne igiyar a tsakaninmu.

Ƙaninsa Davou ya zo mini da asuba,
shekara sha tara, da tocilar da wansa ya gyara masa.
An buɗe sabuwar rijiya, taku arba'in daga tsohuwar.
Na duba kullin igiya sau biyu, na sāke dubawa.
Ya miƙo mini kofin shayinsa,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Na fara juya ƙarfe.